Da Gangan, Ganganci ko Kuskure? Sharhi a kan dokar cin amanar aiki ta ƙasar Indiya

 

'Yan'uwa masu karatu da ɗalibanmu, mas'alar da muka ɗauko a wannan fitowa ta dokar wata ƙasa ce mai nisa, wato Indiya, amma tambayar da ke cikinta duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin laifuka ya san ta. Ma'aikacin hukuma ya sa hannu a takarda, dukiyar jama'a ta salwanta, wani ɗan kasuwa ya ci riba. Shin wannan kaɗai ya isa a jefa shi kurkuku a kira shi maci amana, ko kuwa sai an tabbatar da abin da ya nufa a lokacin da ya ɗauki alƙalami? Mun zaɓi Indiya ne saboda cikin shekara bakwai, daga 2011 zuwa 2018, sun amsa wannan tambaya sau biyu, kuma amsoshin sun yi hannun riga. Za mu duba su mu auna da ma'aunin da muka karanta a fiƙihu, tunda shi muka sani.

Kafin nan mu tsaya a kan harshenmu, don Hausa ta riga ta yi mana rabin aikin. Idan aka ce mutum ya yi abu da gangan, to ya san abin da yake yi kuma shi ya nufa. Wannan shi ne amdu a wurin malamai. Idan aka ce ya yi ganganci, kamar direban da ya cika mota fiye da kima ya taka wuta a kan hanya mai ramuka, bai nufi kowa ya mutu ba, amma ya ga hatsarin ya kau da kai. Wannan da ɗan'uwansa sakaci su ne malamai ke kira tafriɗi. Sai kuskure, wato mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya duba, ya yi shawara, abin ya zo ba yadda ya zata ba. Kalmomi biyun farko sun yi kama a baki, har yara kan haɗa su, amma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ku riƙe waɗannan uku, duk maganar a kansu take.

Indiya tana da dokar hana cin hanci ta shekarar 1988. Sashe na 13 na dokar ya jera ayyukan da idan ma'aikacin gwamnati ya yi su ya zama mai laifin cin amanar aiki. A cikin jerin akwai wuri guda mai rassa uku. Reshe na farko: ya samo wa kansa ko wani wata riba ta hanyar cin hanci ko ta haramtacciyar hanya. Na biyu: ya samo ribar ta hanyar karkatar da ikon muƙaminsa. Na uku kuwa, wanda shi ne tushen rigimar: yana kan kujera ya samo wa wani mutum riba ba tare da akwai maslahar jama'a a ciki ba. Ku lura da kyau, a reshe na uku ba a ambaci hanci ba, ba a ambaci ha'inci ba, ba a ce ma'aikacin ya ci ko sisi ba.

Shari'ar da ta fito da wannan fili ita ce ta Sukh Ram, tsohon ministan sadarwa, da wata jami'ar kuɗi ta ma'aikatarsa mai suna Runu Ghosh, da shugaban wani kamfani da aka bai wa kwangilar kayan sadarwa a kan farashin da ya cuci gwamnati. Kotun farko ta same su da laifi a 2002, suka ɗaukaka ƙara. A watan Disamba na 2011 Babbar Kotun Delhi ta tabbatar da hukuncin, kuma a cikinsa ta yanke cewa a reshe na uku mai gabatar da ƙara ba ya buƙatar ya tabbatar da mugun nufi. Hujjar alƙalan ita ce, majalisa ta sa kalmomin da ke nuna nufi a rassa biyun farko ta bar su a na uku, don haka da saninta ta bar su, ba aikin kotu ba ne ta mayar da abin da majalisa ta cire.

Mu yi musu adalci. Ba su ce duk shawarar da ta jawo asara laifi ce ba. Sun yi ƙoƙarin sa iyaka, cewa sai shawarar ta zama irin wadda mai hankali da ya kiyaye ƙa'idojin aikinsa ba zai yanke ta ba. Kuma abin da ya tura su ba ɓoyayye ba ne: babban ɓarawon ofis ba ya barin rasit. Ba ya karɓa da hannunsa, ba ya rubuta wa kowa wasiƙa, sa hannu kawai yake yi, ladan ya biyo ta wata hanya bayan shekara biyu. In aka ce dole sai an kama shi da kuɗi a hannu, to sai dai a yi ta kama masinja da ɗan sandan kan hanya, manyan su yi ta wucewa.

Duk da haka ba mu yarda da hukuncin ba, ga dalilinmu. Maslahar jama'a abu ce da ake aunawa da ijtihadi, kuma fuskarta kafin a yi aiki daban take da fuskarta bayan an yi. Ma'aikaci ya yanke shawara a yau da abin da ke gabansa. Alƙali zai duba ta bayan shekara goma, ya riga ya san kamfanin ya karye, ya san farashi ya faɗi, ya san abin da ma'aikacin ba shi da hanyar sani. Bayan an ga ƙarshen abu kowa malami ne. Idan aka cire nufi daga cikin sharuɗɗan laifi, abin da ya rage shi ne ra'ayin alƙali a kan ra'ayin ma'aikaci, kuma wanda ra'ayinsa ya faɗi shi zai kwana a kurkuku da sunan maci hanci. Sunan nan fa ba ƙaramin abu ba ne, 'ya'yansa ma za su gaje shi. Hadisin da ke cikin Buhari da Muslim a kan mai hukuncin da ya yi ijtihadi ya kuskure sananne ne, lada aka ambata masa, ba a ambaci sarƙa ba.

Akwai kuma wani abu da ya sa wannan ƙa'ida ta shige wa mutane ba su ji ɗacinta ba. Sukh Ram mutum ne da a 1996 hukumar bincike ta tarayya, CBI, ta samu tsabar kuɗi kimanin rupi miliyan 36 a gidajensa, ko da yake wannan wata shari'a ce daban. Wa zai tsaya yana jayayya a kan nufin mai irin wannan labari? Sai aka gina ƙa'ida a kan mutumin da babu mai tausaya masa, alhali ƙa'ida in ta tsaya ba ta tambayar sunan wanda za ta hau.

Ba a daɗe ba kuwa ta hau wasu. A 2014 Kotun Ƙolin Indiya ta soke rabon filayen haƙar kwal sama da 200 da gwamnatoci suka yi wa kamfanoni tun daga 1993, ta ce an yi rabon ba bisa ƙa'ida ba. Aka shiga gurfanar da mutane. Cikinsu akwai H. C. Gupta, wanda ya riƙe muƙamin babban sakataren ma'aikatar kwal kuma ya shugabanci kwamitin tantance kamfanonin. Abokan aikinsa da yawa sun fito sun shaide shi da riƙon amana. A 2016 ya gaya wa kotu cewa ba shi da kuɗin ci gaba da biyan lauya, gara a soke belinsa ya fuskanci shari'ar daga kurkuku. A 2017 aka yanke masa shekara biyu a shari'ar farko, a kan cin amanar aiki tare da haɗa baki da zamba. Ba wanke shi muke yi ba, kotu ta saurari shaidun da mu ba mu saurara ba. Abin da ya dame mu shi ne darasin da sauran ma'aikata suka ɗauka daga nan. Har tsohon firaminista Manmohan Singh sai da wata kotu ta aika masa sammaci a watan Maris na 2015, kafin Kotun Ƙoli ta dakatar da shi. To wane sakatare ne zai ga wannan ya yi saurin sa hannu? Sai ya tura takarda sama, na sama ya kafa kwamiti, kwamiti ya nemi ƙarin bayani. Hanyar da za a gina ta kwana, asibiti ya kwana, kuma babu dokar da ke kama wanda bai yi komai ba.

Ita kanta Kotun Ƙoli ta nuna wata hanya tun a 2012, a shari'ar C. K. Jaffer Sharief, tsohon ministan jiragen ƙasa. An tuhume shi da cewa lokacin da ya tafi jinya Landan ya sa mutum huɗu daga ma'aikatansa sun raka shi da kuɗin wasu kamfanonin gwamnati biyu da ke ƙarƙashin ma'aikatarsa. Kotu ta soke tuhumar. Ta ce ko da abin ya saɓa wa tsarin aiki, ko da bai dace ba, saɓa wa tsari kaɗai ba ya zama wannan laifi sai an nuna nufin ha'inci. Mun yarda da rabin wannan. Rabin da ya rage mana a maƙogwaro shi ne: to kuɗin tafiyar fa, wa zai biya?

A nan ne muke ganin malamanmu sun fi su tsari, domin sun raba abin da dokar ta cakuɗa. Uƙuba daban, lamuni daban, tsigewa daban. Uƙuba, wato ɗauri ko bulala ko tozartawa, tana bin nufi. Ɗalibanmu sun san cewa a mashahurin zancen Imamu Malik kisa iri biyu ne, na gangan da na kuskure. Na farko ƙisasi, na biyu diyya da kaffara, alhali gawa ɗaya ce a kwance. Lamuni kuwa, wato biyan abin da aka ɓata, ba ya jiran nufi: ƙa'ida ce sananniya cewa wanda ya lalata dukiyar wani zai biya, da gangan ya yi ko da kuskure. Sai aka sassauta wa amintacce, wanda aka damƙa wa ajiya ko wakilci, aka ce shi ba ya biya sai in ya ƙetare iyakar da aka sa masa ko ya yi sakaci. Ma'aikacin hukuma amintacce ne a kan baitulmali. In ya yi kuskure bayan ƙoƙari, babu komai a kansa. In ya yi ganganci ko ya wuce iyaka, ya biya, kuma shugaba yana da damar ladabtar da shi gwargwadon abin. In ya yi da gangan, ya biya, ya sha uƙuba, a kuma kira shi da sunan da ya dace da shi. Tsigewa kuwa ba ta ma buƙatar laifi. Sayyidina Umar ya sauke Sa'adu bin Abi Waƙƙas daga Kufa, kuma ya bayyana daga baya cewa ba don gazawa ko ha'inci ya sauke shi ba. Da an bi wannan, minista mai jinya zai mayar da kuɗin tikiti huɗu ya tafi gida da mutuncinsa. Dokar da makaminta ɗaya ne, kurkuku, dole ta faɗa ɗayan biyu, ko ta ɗaure mai kuskure ko ta saki mai ganganci.

Yanzu sai amsa ta biyu. A watan Yuli na 2018 majalisar Indiya ta yi wa dokar gyara babba. Ta shafe reshe na uku ɗungurungum, ta taƙaita sashe na 13 ya koma abu biyu: ma'aikaci ya karkatar da dukiyar da aka damƙa masa cikin ha'inci ko zamba, ko kuma ya azurta kansa ta haramtacciyar hanya da gangan yana kan aiki. Maganar karkatar da ikon muƙami aka mayar da ita ƙarƙashin sashe na 7, na karɓar hanci, inda ɗaurin yake shekara 3 zuwa 7, alhali na sashe na 13 shekara 4 ne zuwa 10. Shafe reshe na uku daidai ne, ba mu da ja. Sai dai mai ganganci, wanda ya ga rami ya tura dukiyar jama'a ciki don ba tasa ba ce, gyaran bai tanadar masa komai ba. An bar shi ga ladabtarwar cikin ofis, wadda abokan shan shayinsa ne ke yin ta.

Wurin da gyaran ya burge mu shi ne yadda ya amsa tambayar da kowane ɗalibi zai yi: to nufi a zuciya yake, wa ya shiga zuciyar wani? Dokar ta ce idan aka samu ma'aikaci, ko wani a madadinsa, da dukiyar da ta zarce halattacciyar hanyar samunsa, kuma ya kasa bayanin inda ta fito, za a ɗauka da gangan ya azurta kansa. Wato ba a cire nufi ba, an dai karanta shi daga alamomi, an kuma ba mutum dama ya kare kansa. Wannan shi ne aiki da ƙarina, wanda Ibnu Farhun ya yi dogon bayani a kansa a Tabsiratul Hukkam. Kuma juya nauyin hujja a kan wanda aka ba amana ba baƙon abu ba ne a mazhabarmu. Ku tuna mas'alar masu sana'a: tela ko marini da kayan mutane suka ɓata a hannunsa, Malikawa sun ce zai biya sai in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne, saboda shi kaɗai ya san abin da ya faru a shagonsa, kuma in ba a yi haka ba kayan mutane za su ƙare. Ma'aikacin da albashinsa sananne ne, ga shi da gidaje biyar, ai ya fi tela cancantar a ce ya yi bayani.

Asalin wannan a sunna yake. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓo zakka. Da ya dawo sai ya ware kaya kashi biyu, ɗaya na zakka, ɗaya ya ce kyauta aka yi masa. Ku duba fa, mutumin nan bai ɓoye ba, da bakinsa ya faɗa, alamar a ransa bai ɗauki kansa ɓarawo ba. Amma Annabi ya hau mumbari ya yi inkarin abin, ya kafa ma'auni mai sauƙi: da yana zaune a gidan iyayensa ba muƙami, kyautar za ta same shi? Ba a karɓi kyakkyawan zatonsa ga kansa ya halatta masa kayan ba, ba a kuma ruwaito an yi masa haddin sata ba. Littattafan tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar ya raba dukiyar wasu gwamnoninsa biyu ya mayar da rabi baitulmali, har da Amru bin Asi a Masar, wanda ya aika wa Muhammadu bin Maslama don wannan aiki. Bai ɗaure shi ba, bai ma sauke shi ba. Shubuha ta isa a karɓi dukiya, ba ta isa a taɓa jiki ba. A nan dokar Indiya ta fi Umar tsanani, tunda ita kasa bayani yana kai mutum kurkuku, don haka wajibi ne alƙalansu su tsananta wajen lissafin kafin su ce dukiya ta zarce.

Kotun Ƙolinsu ta ƙara ƙarfafa wannan hanya a watan Disamba na 2022, a shari'ar Neeraj Dutta, inda alƙalai biyar suka zauna. Suka ce dole ne a tabbatar ma'aikaci ya nemi hanci ko an miƙa masa ya karɓa da saninsa, ganin kuɗi a teburinsa kaɗai bai isa ba. Amma in wanda ya kai ƙarar ya mutu, ko ya juya baya a gaban kotu, ana iya tabbatarwa da sauran shaidu da alamomin da ke kewaye. Wannan hukunci ne na masu hankali. Da irinsa aka bi tun 2011, da ba a buƙaci a jefar da nufi ba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne mafi muni a gyaran 2018. An ƙara sabon sashe, 17A, wanda ya ce ɗan sanda ba zai fara ko da binciken share fage a kan shawarar da ma'aikaci ya yanke a bakin aikinsa ba, ko yana kan aiki ko ya bari, sai ya samu izini daga gwamnati ko hukumar da ke da ikon sauke shi. An togace wanda aka kama nan take yana karɓa. An ba mai izini wata uku ya amsa, ana iya ƙara masa wata ɗaya. Wai don a kare mai gaskiya ne. To amma mai gaskiya ai an riga an kare shi da aka dawo da sharaɗin nufi, wannan katanga ta biyu ta wa ce? Kuma ba yau aka fara ba. A 1997 Kotun Ƙoli ta rushe wani umurnin gwamnati mai kama da wannan. A 2003 majalisa ta dawo da shi cikin doka don manyan jami'ai. A 2014 kotu ta sake rushe shi, ta ce ya bambanta manya da ƙanana ba bisa hujja ba. Sai a 2018 majalisa ta ce to shi ke nan, a ba kowa garkuwar, babba da ƙarami.

Ku haɗa wannan da abin da ya gabata ku ga inda matsalar take. An ce sai an tabbatar da nufi, mun ce madalla. An ce nufi daga alamomi ake gane shi, mun ce haka ne. To alamomin nan a ina suke? Suna cikin takardun ofis: wa ya ba da shawara aka ƙi ji, wace rana aka canja sharaɗin kwangila, wa ya ziyarci wa kafin a canja. Mai bincike ba zai buɗe takardun ba sai da izini, mai ba da izinin kuwa sau da yawa shi ne ministan da shawarar ta fito daga ofishinsa, ko wanda ya naɗa ma'aikacin. Shi za a kai wa takarda a ce ga wanda muke zargi, ga abin da muke zarginsa da shi, ka ba mu dama mu duba. Yana da wata huɗu kafin ya amsa, takardun kuma suna cikin kabad ɗinsa. Wallahu a'alamu.